Allah Ya Isa a Kan Lido

Gidan Dare, Sakkwato, 19 ga Shawwal

Zuwa ga Gazali, jikan ɗan baffana Ja'afar, akawu a bakin ruwan Ikko.

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka wagga takarda shekara goma sha biyar cif da ambaliyar da ta yanke gadar hanyar jami'a, kuma cikin wanga wata na ƙaramar sallah abin ya faru. Kai ne ka shigo gida da gudu ran nan kana ce muna an koma shiga kwalekwale. Na tuna maka ne don ka san kaina bai taɓu ba, kada ka karanta abin da ke ƙasa ka ce tsufa ne.

Muna lafiya, sai zafi da ya matsa. Idon Mairo da anka yi wa aiki ya washe, har tana ganin dattin hulata daga bakin ƙofa. Ta ce in gaida mijinta na Ikko da ya manta da ita. Na ce mata in ta gaji da ni ga hanya nan, motar albasa ba ta ƙin fasinja.

Ka san ban taɓa zama aji ba. Baƙaƙen nan wajen akawun sito na tsince su lokacin da nike kai fata, don haka ka karanta a hankali. Kuma kada ka kira ni a waya kan wagga magana. Ta waya bakina ya kuɓuce. A takarda ina samun damar tauna magana kafin in aje ta. Bawa direban albasa zai kawo maka, shi za ka ba amsa.

Wasan lidon nan da ka sa min cikin waya da babbar sallah, don ka ga abokan darana biyu sun rasu, na ukun ido ya tafi, to ina so in bar shi. Ban ce bai yi min rana ba. Mu goma sha biyu ne a majalisarmu, kowa da garinshi, muna wasa biyu-biyu muna jin muryar juna. Suna ce min Baba Majemi. Ran da anka shiga da Mairo ɗakin aiki, Malam Junaidu na Kaduna, tsohon direban jirgin ƙasa, shi ya tsayar da wasa ya ce kowa shi ɗaga hannu a yi mata addu'a. Maƙwabcina na jikin katanga sai bayan kwana uku ya leƙo. Wanga ban manta ba.

Abokin wasana kullum Bashar ne, mai shayi a Agege, can Ikko. Tsakanin azahar da la'asar ba shi da ciniki, ni ma ba ni da aiki, sai mu haɗu. Yaro ne mai sanyin hali. In na yi wauta na bar ɗana a bakin abokan gaba sai shi ce, "Baba, ba komai, za mu rama." Wata tara muna haka.

Bayan sallah sunka shirya gasa. Ba kuɗi a ciki, ba caca ba ce, suna ne kawai. Munka yi ta ci har munka kai ƙarshe, mu da Junaidu da abokinshi. Ran Alhamis biyar ga wata, bayan azahar. 'Ya'yanmu duk sun shiga gida, saura ɗaya na Bashar, taki uku ya rage mishi, kuma jifa nashi ne. Sai kawai ya fita daga wasan. Babu sallama, babu ko tari. Wayar ta jira shi, ta gaji, ta ba su Junaidu nasara. Junaidu ya fashe da dariya shina cewa, "Baba Majemi, yaronka ya tsorata."

Gazali, ni da furfurata, na buɗe baki na ce, "Bashar, Allah ya isa tsakanina da kai."

Dariyar ta tsaya. Junaidu ya ce, "Subhanallahi, Baba, a kan lido?"

Shekarata saba'in da huɗu. An cuce ni a majema, an ci iyakar gonar ubana a Wamakko, ban taɓa yi wa ɗan Adam wagga kalma ba. Yau kwana goma sha huɗu Bashar bai dawo ba, wayarshi kuma a kashe. Wasan da zai sa in faɗi haka ba wasana ba ne, na yanke zan fita. Amma ba ni fita in bar kalmar rataye a wuyan ɗan mutane. Ka nemo min shi in janye ta a kunnenshi.

Naka,
Sodangi

Legas, 24 ga Shawwal

Tsoho,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin albasa, har abokan aikina suka ce ko an aiko min da kayan miya. Ina lafiya, aiki da godiya. Ka ce wa matata Mairo ban manta da ita ba, ina jira ne ka ƙara tsufa kaɗan.

Na karanta sau biyu. Na farko na yi dariya har da hawaye, ka yafe min. Kai da kake tsawata mana in mun ɗaga murya a wajen dara, yau kai ne da Allah ya isa a kan taki uku!

Ka saurare ni, Tsoho. A irin wannan wasa mutane suna fita kullum. Sabis ya ɗauke, caji ya ƙare, ko mutum ya gaji ya goge abin daga wayarsa. Ba a sallama, ba a ban kwana, haka tsarin yake. Ni kaina na bar majalisa irin wannan har uku, babu wanda ya nemi inda nake, ni ma ban nemi kowa ba. Ka yi istigfari, ka miƙa wa Hadiza wayar. 'Yarka ce, ba za ta yi maka dariya ba. Ta danna hoton lidon ta riƙe, ta goge shi, an gama.

Batun nemo shi kuwa, ka san girman Agege? Masu shayi a can sun fi masu jan fata a Sakkwato yawa, kuma rabinsu in ka kira Bashar za su waiwayo. Me ye sunan mahaifinsa? Ɗan wane gari ne? Ba ka rubuto ba.

Jikanka,
Gazali

Gidan Dare, 29 ga Shawwal

Gazali,

Bayan sallama, muna lafiya. Takardarka ta zo, na ga dariyarka, na gode.

Majalisa uku ka bari ba sallama kuma kana faɗa da bakinka? Kakanka Ja'afar ko daga wajen wanzami zai tashi sai ya yi wa kowa sai an jima. Ban san inda ka gado wanga ba, sai dai ko wajen uwa, su ma ban san su da haka ba.

Ka tambaye ni sunan ubanshi da garinsu. Nan ka same ni. Ni da ake aikowa daga Gidan Dahala a ɗauke ni in an zo neman aure, don in faɗi wane ya haifi wane har kaka na biyar, ga ni na yi wata tara da mutum kullum, ban san ubanshi ba. Na san harshenshi na ƙasarmu ne. Ban taɓa tambaya ba, don da mun haɗu sai a ce jefa, jefa, lokaci na tafiya. Ko fuskarshi ban sani ba, hoton buta ya sa a wajen hotonshi.

Amma kunnena bai yi barci ba. Ga abin da na ji ta bayan muryarshi. Jirgin ƙasa na wucewa kusa ƙwarai, har sai mun yi shiru ya wuce. Akwai tela a gefenshi mai keken ƙafa, Bashar na ce mishi Na'argungu, suna faɗa kan wanda zai share gaban shago. Akwai wata Bayarbiya mai kawo mishi burodi, tana ce mishi "Basiru", shi kuma shina ce mata Mama. Ladanin masallacinsu na da tari, sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin shi fara kiran la'asar. In ka samu wurin da waɗannan huɗu sunka haɗu, ka samu teburin Bashar.

Majalisa suna ta kirana. Junaidu ya ce in dawo a ba ni wani aboki. Na ce a'a. Ya ce to in share abin daga raina, magana ce ta fushi. Na ce da fushi ake yin ta dama, wa ya taɓa yin ta da murmushi?

Ba ni ba Hadiza waya sai na ji daga gare ka. Lahadi ba ka aiki, na sani.

Sodangi

Legas, 7 ga Zulƙida

Tsoho,

Ina gaisuwa, ina lafiya. A gurguje nake rubutu, Bawa ya riga ya tayar da mota.

Na je ranar Lahadi. Na bi layin dogo da ƙafa tun hantsi, ina leƙa shagon tela bayan shagon tela kamar mai neman ɗinkin sallah. Wallahi sai da ladanin nan ya yi tarinsa biyu na tsaya cak. Ga tela, ga keken ƙafa, ga tebur a gefe an kife benci a kansa an ɗaure da igiya. Na daina yi maka dariya.

Na'argungu ya ce ranar wata Alhamis bayan sallah, bayan azahar, Bashar ya miƙe da waya a kunne yana salati. Ya bar ruwa a kan wuta, ko rufe kwanon sukari bai yi ba. Ya ce masa, "Ka kula min da tebur, gida ba lafiya," ya nufi tasha yana share ido. Tun ranar ba labari, wayarsa ba ta shiga. Telan bai san ƙauyensu ba, ya dai ce ƙasar Sakkwato ne. Na bar masa lambata.

Kada ka ɗora wa kanka komai. Zan sake komawa.

Gazali

Gidan Dare, 12 ga Zulƙida

Gazali,

Bayan sallama. Jiki lafiya, amma abinci ba ya wucewa. Mairo ta tambaye ni har ta gaji, na ce mata zafi ne. Ta ce shekara hamsin tana ganina cikin zafi, ba ta taɓa ganin na bar fura a ƙwarya ba.

Alhamis, bayan azahar. Ka ce kada in ɗora wa kaina komai. To wa zan ɗora wa? Na yi magana, cikin sa'ar nan yaro ya miƙe shina salati.

Kai yaro ne, ba ka ga abin da na gani ba. A shekarar da anka yi fari shanu sunka ƙare, wata tsohuwa a unguwarmu ta yi wa jikan maƙwabcinta wagga kalma don ya fasa mata tulu. Bai kai damina ba. Malamai sunka ce ajali ne, kuma ajalin ne, ban musa ba. Amma tsohuwar ta yi shekara shida bayanshi ba ta ƙara zama cikin mata ba, ni na gan ta da idona tana bin bango. Sunanta na nan a kaina, ba ni rubuta shi don jikokinta na raye.

Na je wajen limaminmu ban faɗi sunan wasan ba, na ce wani ne ya yi wa wani a kan abin da bai kai ba. Ya ce Allah ba ya zalunci, ba ya kama bawa don wani ya yi fushi, mai maganar dai shi tuba kuma shi nemi yafiyar wanda ya yi wa. Na ce in ba a san inda shike ba fa? Ya ce a yi ta nema. Ya dube ni da kyau ya ce, "Baba Sodangi, wanga wani ɗin, ka gaishe shi."

Na kashe wayar na sa ta ƙasan adaka, ƙarƙashin rigar aurena. Ko ta yi kuka ba ni ji. Abin da ya ba ni mamaki, in azahar ta wuce sai in ji babban yatsana na motsi shi kaɗai a kan gwiwa. Kuma ina kewarsu, ba ni ɓoye maka. Ina kewar ƙaryar Junaidu ta yadda ya taɓa tsayar da jirgi don akuya.

Ka koma wajen telan. In mutuwa anka yi, ka rubuto min ƙarara, kada ka lulluɓe. Zan nemi ƙauyen in je gaisuwa ko a ina shike.

Sodangi

Gidan Dare, 27 ga Zulƙida

Gazali,

Sallama. Kwana goma sha biyar ba takarda. Na je tashar albasa sau uku, an ce Bawa bai dawo ba.

Shekaranjiya Mairo ta ce ka kira wayarta, ka ce a gaya min "komai lafiya lau, in kwantar da hankali." Ta tsare ni da wane komai ne wanga da ku biyu kuka sani ita ba ta sani ba. Ni kuma na san irin wagga magana. Ita ce munka aika wa kakanka Ja'afar shina Makka ran da ƙanenshi ya rasu, don kada a ɓata mishi aikin hajji. Ni na tsara ta da bakina. Don haka kada ka yi min lafiya lau. Ta miƙo min wayar in kira ka, na ƙi. Na ce takarda, takarda nike jira.

Wagga zan ba wani direba daban, Allah shi sa ta same ka.

An yi yayyafi jiya, bai jiƙa ƙasa ba.

Sodangi

Legas, 16 ga Zulƙida

Tsoho mai taurin kai,

Ina gaisuwa. Zauna kafin ka karanta, amma zaman daɗi. Bashar yana raye, matarsa tana raye, kuma sun samu 'ya mace.

Jiya Na'argungu ya kira ni ya ce an kwance igiyar tebur. Na tashi daga aiki na wuce can. Yayan Bashar ne, Saifullah, ya zo daga gida zai riƙe masa shayin har bayan damina. Ya ba ni sabuwar lamba, na kira a tsaye a wurin.

Da na ce ni jikan Baba Majemi ne, sai ya yi ihu, "Allahu akbar! Baba yana lafiya? Ya idon Inna?" Ga yadda abin ya faru. Matarsa Halimatussa'adiyya ta fara naƙuda tun asubar ranar Alhamis ɗin, a ƙauye. Suka ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi. Abu ya ƙi, har aka ɗauke ta zuwa asibiti a birni da hantsi, aka ce sai an yi aiki, kuma ana son jini. Sai bayan azahar yayarsa ta ga ba makawa ta kira shi. Kiran ne ya shigo ya katse wasan. Ya ce yana ganin jifa nasa ne, sai ga sunan yayarsa a kan waya. Daga nan bai ƙara tuna akwai wani abu wai shi lido a duniya ba. Wayar kuma a hanya ta salwanta, wajen canjin mota, da duk lambobinku a ciki. Yanzu ƙarama ce a hannunsa, mai tocila.

Na yi ta kewaye-kewaye ina so in ji ko ya ji abin da ka faɗa. Tsoho, bai ji komai ba. Ya riga ya fita kafin ka buɗe baki. Shi ne ma yake ba ka haƙuri. Ya ce, "Ka ce wa Baba ya yafe min, na bar shi a tsakiyar fage, taki uku kacal. Na san Malam Junaidu bai bar shi ya sha ruwa ba." Ban gaya masa komai ba, kuma shawarata kai ma kada ka gaya masa. Me za a tayar?

Saura abin da zai ba ka haushi. Ƙauyensu Gidan Tsamiya ne, bayan Wamakko kaɗan, ta hanyar fadama. Asibitin da aka kwantar da ita kuwa, kwana tara suka yi, da ƙafa za ka iya zuwa daga ƙofar gidanka. Ka aiko ni ina bin layin dogo a Legas, alhali mutumin ya yi kwana tara a bayan katangarka yana sayen ruwan zafi.

Sunan mahaifinsa Malam Bawa Mai Rijiya, na tambayo maka don na san za ka tambaya. Yanzu sai ka ci abinci.

Jikanka da ƙafarsa ta yi kanta,
Gazali

Gidan Dare, 2 ga Zulhajji

Zuwa ga Gazali, jikan Ja'afar, wanda yau na yarda jininmu ne.

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Muna lafiya, lafiya ta gaske. An yi ruwa shekaranjiya kamar da bakin ƙwarya, gari ya yi sanyi, kowa ya nufi gona.

Takardarka ta sha shida ga wata sai jiya ta iso. Motar Bawa ta lalace bayan Jebba, ya kwana goma sha biyu shina jiran ƙarfe, takardar na cikin aljihun rigarshi. Ya kawo min ita da man inji a gefe shina ba ni haƙuri. Na ce mishi da ya san abin da ya ɗauko da ya bar motar ya taho da ƙafa. Ka yafe min takardar da na aiko maka ta wani direba, in ta iso ka hura wuta da ita.

A zaure na karanta. Da na kai wajen asuba sai na tsaya na sake bi da yatsa. Naƙuda tun asuba. Asibiti da hantsi. Kira bayan azahar. Maganata bayan kira. Na jera su haka sau uku kamar yadda nike jera kakanni, kowane a bayan wanda ya riga shi. Abin da ya faru da asuba, maganar azahar ba ta haife shi ba. Gazali, sai na ji kamar an sauke min ɗaurin ɗanyar fata daga ka. Na ƙwala wa Mairo kira na ce ina furar nan? Ta kawo, na shanye, na ce a ƙaro. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce yau sai na faɗa mata. Na faɗa mata duka. Ta ce, "A kan lido, Malam? Ni da na yi shekara hamsin ina ƙona maka tuwo ban samu ko ɗaya ba?" Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Na bar ta, ta ci bashin hakan. Ba ta dai faɗa wa Hadiza ba, ko ta faɗa ban sani ba, don Hadiza na ta kallon ƙasa tun jiya.

Yau da hantsi na ciro wayar daga adaka. Na shiga majalisa na yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunanshi, na fara da babba. Na ba su labarin Bashar, sunka yi ta kabbara. Na ce Junaidu da abokinshi su zama shaida, kalmar da sunka ji na janye ta, na tuba. Sannan na ce zan tafi, wanda na ɓata wa shi yafe min. Wani yaro na Gombe ya ce, "Baba, ai sai ka rage kawai, sau ɗaya a mako." Na ce na san kaina, ban iya cin gyaɗa ɗaya. Junaidu ya ce, "To wa zan riƙa ci yanzu?" Muryarshi ba ta yi daidai ba. Na ce shi ba ni lambarshi da sunan ubanshi da unguwarsu, na rubuta a bangon littafin da nike aje haihuwa da rasuwa. Ashe mutanen Zariya ne, kakanshi maɗinkin sirdi. Wata tara ban sani ba, yau cikin minti biyu na sani. Duk goma na rubuta. Mun yi da Junaidu zan kira shi ran Juma'a bayan masallaci, mu yi magana irin ta mutane, ba mai cewa jefa.

Daga nan na miƙa wa Hadiza. Ta danna, ta riƙe, ta ce, "Baba, in goge?" Na ce goge. Ko ƙara bai yi ba. Azahar ta wuce, yatsan ya ɗan yi motsinshi, na ba shi carbi.

Saura shawararka, cewa kada in gaya wa Bashar. Na gode, ban ɗauka ba. Shi bai ji ba, amma Wanda na kai ƙarar gare shi ya ji. Kuma yaron na can shina ganin shi ne mai laifi, har shina aiko min da ban haƙuri. In na yi shiru na karɓi haƙurin nan, na ci abin da ba nawa ba. Kuma lambar da ka rubuto a ƙasan takarda ba ni kiranta, ka san dalili.

Malam Bawa Mai Rijiya ban san shi ba. Na juya sunan ta kowane gefe, ba mu haɗa komai ba, ko ta wajen mata. Ba laifi, za a fara daga nan.

Gobe in Allah ya kai mu, da na sallame asuba zan hau motar Wamakko, daga can in nemi mai babur zuwa Gidan Tsamiya kafin su fita gona. Mairo ta ɗaure min sabulu da turmin atamfa na mai jego, ta ce in na dawo da su kada in shigo mata gida. Ban san fuskarshi ba, shi ma bai san tawa ba. Zan tsaya a ƙofar gidan Mai Rijiya in yi sallama da ƙarfi, muryata ya sani.

Naka,
Sodangi